Motar da Ba Ta da Kwana Uku

Na gaji da jin labarin jar motar nan daga bakin Gwaggonku Hansatu. Duk bikin da aka taru, da ta ƙoshi sai ta nuna ƙarfen da ke bayan rumbu ta ce ga shanun babanku can kaji na ƙwai a ciki, ku kuma ku fashe da dariya har da riƙe ciki. To, ku yi dariyarku, ban hana ba. Gaskiya ne na sayar da shanuna kaf, har da karsanar da uwarku take ji da ita, na sayi tsohuwar mota mai kujera biyu wadda ba ta da ko rufi, kuma ba ta yi mini aikin mako guda ba. Amma Hansatu tana ɗakin mijinta a Zadawa lokacin da abin ya faru. Ita ji ta yi, ni kuwa ni na riƙe sitiyari. Ku zauna ku ji daga bakin mai shi.

Kakanku Malam Kyari dillalin dawaki ne. Iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a garin Katagum, can aka haife shi da yayarsa Fanna, su biyu rak, daga baya ya biyo kasuwa ya dawo Azare. Duk wanda ya sayi doki tsakanin Jama'are da Udubo a wancan zamani, in bai bi ta hannun Baba ba, to ya ji sunansa. Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, ko hakimi ne. In an yi ciniki, doki zai kwana uku a turken mai saye. In a cikin kwana ukun nan ya yi tari, ko ɗingishi, ko aka ga yana da dundumi ko cizo, sai a mayar wa mai shi, ba faɗa ba gaba. Sai rana ta uku ta faɗi lafiya, sannan Baba zai kama hannun mai saye ya ɗora a wuyan dokin, ya ce ciniki ya faɗa, Allah ya amfana. Tun ina ɗan tatsitsi nake jin yana cewa:

"Cinikin da ba kwana uku, cinikin biri a sama ne. Ba da hannuna ba."

Sai hakiya ta zo ta rufe masa ido, ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da in ya hau kili ya saki linzami mata kan leƙo ta saman katanga, shi ne ya koma sai an kama masa sanda zuwa bayan gida. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya daina fita zaure, ya daina karɓar baƙi, ya shige ɗaki ya juya wa bango fuska. Uwarku za ta kai tuwo, ta dawo ta ɗauke shi da loma biyu a gutsire. Muryar nan tasa da ake ji har bakin kasuwa ta koma kamar ta mai zazzaɓi. Ina kallon mahaifina yana narkewa a kan gado, kuma ba ciwon da zan kai wa mai magani.

A shekarar ce saƙo ya fara zuwa daga Katagum. Yaya Fanna, haka Baba yake kiranta mu ma muka bi bakinsa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta tashi. Duk falken da ya biyo hanya sai ya tsaya ƙofar gidanmu da magana ɗaya: ta ce Kyari ya zo ta gan shi kafin ruwa ya sauka kogi ya kawo, don ba ta jin za ta ga kaka. Na durƙusa na roƙe shi, na kawo limamin unguwa ya roƙe shi. Na ce ga babbar motar gyaɗa tana zuwa can, zan samar masa gaba kusa da direba.

"Ni buhun gyaɗa ne?" in ji shi, bai ko juyo ba. "Bukar, garin da na shiga a kan kili, ba zan shige shi ana ja na da sanda yara na kallo ba. Ka ce mata ta yafe ni."

Ga bazara ta kankama, zafi kamar a tanda, hadari ya fara leƙowa ta gabas da la'asar. Kowa a gidan ya san in ruwan fari ya zuba, an gama.

Yanzu bari in zo kan motar, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa don Baba na saye ta ba. Ina! Don kaina na saye ta, son ta nake kamar in mutu. Ta wani Bature mai haƙa rijiyoyi ce da ke zaune a bariki, muna kiransa Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ja ce wur kamar barkono, doguwar gaba gare ta, ga fitilu biyu ƙwala-ƙwala, tayoyinta da wayoyi kamar na keke, ga ta ƙasa-ƙasa, in ka zauna ciki ka miƙa hannu sai ka shafi ƙasa. In ya taso daga bariki ya taka ta, tun daga nesa za ka ji gurnaninta a ƙirjinka kafin kunne ya ji. Ni a lokacin ina fataucin fata da ƙirgi zuwa Kano, a nan na koyi tuƙi wurin direbobin manyan motoci, ina roƙonsu sitiyari in an fita daji. Duk ranar da jar motar nan ta wuce ta gaban rumfata, ciniki ya tsaya ke nan, sai ƙurarta ta kwanta nake tuna abin da nake faɗa. Da na ji ƙishin-ƙishin Mai Lofe zai koma ƙasarsu kuma ba zai tafi da ita ba, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ban yi shawara da kowa ba na aika Udubo wurin Bafulatanin da ke yi mini kiwo, na ce a koro shanun kasuwa.

Na same shi a bariki ana ɗaure masa akwatuna. Mutumin bai cuce ni ba, wannan ku riƙe. Ya cire lofe ya dube ni ya ce da Hausarsa mai karkata:

"Malam Bukar, mota tsohuwa ce, ta sha wuya. Motar kwalta ce, ba ta yashi ba. In ta mutu, kayan gyaranta ko a Kano babu. Yadda ka gan ta haka za ka ɗauka."

Jinin Baba ya motsa mini, na ce, "To, ka ba ni kwana uku. In aibi ya fito in dawo maka da ita."

Ya yi dariya har da tari. "Kwana uku ina Ikko ina jiran jirgin ruwa. Ba dawowa, Malam. Ka ɗauka ko ka bari."

Na dubi motar, rana na walƙiya a jikinta. Wallahi ko cewa ya yi ba ta da inji, da na ɗauka in riƙa turawa. Na ce na ɗauka.

Kai, ranar nan! Na shigo gari iska na kaɗa mini riga, yara na bi na da gudu suna ihu, mahauta suka bar nama suka miƙe tsaye, wani mai jaki ya faɗa kwata shi da jakin. Na danna oda tun daga bakin kasuwa har ƙofar gida, na tsaya na ƙara taka totur sau biyu don maƙwabta su san an zo. Ina kashe ta sai na ji wata murya daga can cikin gida, muryar da na yi watanni ban ji ba:

"Wane mara kunya ne ya kawo mana tsawa ƙofar gida?"

Na shiga na durƙusa a bakin ɗakinsa, na faɗa masa abin da na yi.

"Wa ya tsaya maka?"

"Ba kowa, Baba."

"Kwana nawa ya ba ka?"

"Ko ɗaya. Gobe zai bar gari."

Sai na ji gadon kara ya yi ƙara. Kafin in ɗaga kai, ga Baba tsaye a bakin ƙofa yana laluben bango.

"Ɗan dillali! Ɗan Kyari guda, ya yi cinikin biri a sama, a garin da nake numfashi! Wayyo ni, an kashe ni da raina. Ina abin yake? Kai ni in taɓa asarar da ka jawo mana!"

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai na ji an ja mini gefen riga. Uwarku ce, ta laɓe bayan zana, idonta ya cika da hawaye amma bakinta dariya yake. Ta yi ƙasa da murya ta ce:

"Kada ka kuskura ka ba shi haƙuri. Ƙara masa. Ba ka ga ya tashi ba?"

Matar nan, Allah ya jiƙanta, karsanarta na sayar ban tambaye ta ba, amma abin da ta gani ke nan. Sai na daure na ce, "Baba, ai mota ba doki ba ce, ba abin da za ka gane a jikinta." Tabɗi! Kamar na zuba wa wuta fetur. Na ɗauko sandarsa, ya fizge ta daga hannuna ya yi waje da kansa, yana karo da turmi yana zagi.

Ya duba ta kamar yadda ya saba duba dawaki. Ya shafa ta tun daga hanci har gindi, ya ƙwanƙwasa, ya matsa kowace taya da babban yatsa. Ya sa na tayar da ita ya kara kunne a gaba, ya zaga baya ya sunsuni hayaƙi. Mutanen unguwa sun yi dafifi suna kallo. Daga nan ya tsuguna ya zura hannu ƙarƙashinta, ya auna da tafi tsakanin cikinta da ƙasa, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Ƙirjinta lafiya, numfashinta da ƙarfi. Amma gajeren ƙafa gare ta, cikinta na jan ƙasa. Tun da mai ita ya gudu da kwana ukunsa, ni zan yi mata nawa. Kada wanda ya ce mini an saya sai rana ta uku ta faɗi."

Ranar ya cinye tuwonsa tas yana faɗa, har ya aika a tambayi uwarku ko miyar ta ƙare ne.

Kashegari da hantsi ya sa aka ɗauko masa rawaninsa da ya daɗe a adaka, ya naɗa, ya ce dabba ba a saninta a turke. Na kama shi na zaunar a kujerar hagu, gwiwoyinsa har ƙirji, yana mita wai an sa shi a akushi. Muka fita ta hanyar Jama'are inda ƙasa take da tauri. Ina tafiya a hankali saboda tsufansa, sai ya ce:

"Wannan ita ce tsawar? Jakin mai itace ya fi ta sauri. Sake mata linzami!"

Na sa giya ta gaba na taka. Motar ta yi wani kuka ta zabura, itatuwa suka fara wucewa fyu, fyu, iska ta cika mana baki. Na saci kallonsa. Ya saki ƙofar da ya riƙe, ya miƙe wuya, ya tura fuska cikin iska, hannayensa biyu a gaba kamar mai riƙe da linzami, ƙafarsa na zungurin ƙasan motar. Jelar rawanin ta warware tana kaɗawa a baya. Sai na ji ya ƙwala ihun nan da yake yi a filin sukuwa ina yaro, har wasu mata masu tallan nono suka watse cikin gona. Hawaye na gudu daga idanun nan da ba sa gani, iska na mayar da su kunne. Ni ma ihu nake, ban san na iya ba. Da muka tsaya ya daɗe yana haki, sannan ya gyara fuska ya ce:

"Ba laifi. Amma gajeren zango ba ya nuna hali. Doki sai doguwar tafiya."

"Ina za mu, Baba?"

Ya yi kamar yana tunani, yana shafa gemu. "Hanyar da ta fi kowace muni. A gwada ta Katagum."

Na juya motar muka kama hanyar gida. Na san in na ambaci sunan Yaya Fanna zai fasa.

Rana ta uku muka yi sallar asuba muka ɗau hanya, uwarku ta cusa mana ƙullin fura da tulun ruwa a bayan kujera, ni kuma na ɗaure garwar fetur. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun da safe. Hanyar kuwa, manyan motoci sun haƙa mata rami biyu sun bar tudu a tsakiya, motarmu kuma cikinta a ƙasa. Sai na riƙa ɗora taya ɗaya a kan tudun ɗaya a gefe, muna tafe a karkace kamar kwalekwale. Inda yashi ya yi yawa mu kafe, mutanen ƙauye su fito su ɗaga ta cak da Baba a ciki, yana ba su umarni kamar shi ya ƙera ta. Inda hanya ta yi kyau ya ce in saki linzami. Bayan mun wuce Udubo iska ta yi gaba da rawanin ɗungum, na ce in tsaya in ɗauko, ya ce in na tsaya zai sauka ya bi ni da sanda. Yana ta zuba labari, ga inda ya taɓa sayen wani akawal, baƙin doki, ga rijiyar da suka taɓa shan ruwa da Yaya Fanna suna yara. Ta ƙamshin ƙasa da kukan tsuntsaye yake gane inda muke, kuma sau da yawa daidai yake faɗa.

La'asar sakaliya muka iso bakin kogi, ga garin Katagum a tsallake. Kogin a bushe yake, sai yashi fari fat da zanar da aka shimfiɗa wa motoci. Iskar hadari ta taso, ina jin ƙamshin ruwa. Na san in na tafi a hankali za mu nutse, don haka na ja baya na taho da gudu. Baba na ihu, ni ina ihu, mun ci rabi, mun wuce rabi, sai ji kake ƙwaram! Wani kututture da yashi ya binne ya daki cikinta. Ta yi tsalle ta dire, ta ci gaba. Na waiwaya na ga baƙin mai ya ja layi a kan farin yashi. Hankali ya ce in kashe ta nan take, ko a ceci injin. Amma ɗigon ruwa na farko ya faɗo mini a hannu, kuma gaɓar tana gabanmu. Na taka ta har ƙasa. Ta haura gaɓar tana ƙwanƙwasa kamar ana daka a cikinta, ta kai mu kan tudu, ta yi wata ajiyar zuciya, ta yi shiru. Daga ranar ba ta ƙara tashi ba.

Na sauka na tsuguna ina kallon man yana tsiyaya. Shanuna ke nan suke zuba a ƙasa. Baba yana zaune bai motsa ba.

"Bukar, rana ta faɗi?"

"Da saura, Baba."

"To, aibi ya fito cikin kwana uku. Da a gidana aka yi cinikin nan, mayarwa za a yi."

Mutane suka fara taruwa, wani dattijo ya leƙa ya ce, "La ilaha illallahu, Kyari ne?" Nan da nan magana ta shiga gari. Aka kawo takarkarai biyu aka ɗaura wa motar igiya. Na ce wa Baba ya sauko in kama masa hannu, ya ce ko da wasa. Ya miƙe tsaye a cikin motar, ya dafa gilashin gaba da hannu ɗaya, kai ba rawani, furfura a waje. Haka muka shiga Katagum, shanu na ja, samari na turi, yara na ihu, yayyafi na sauka, Baba na ɗaga hannu yana amsa gaisuwa yana kiran mutane da sunan ubanninsu daga jin murya. Ba wanda ya ga sanda, tana ƙarƙashin kujera.

Yaya Fanna ta ji hayaniya ta sa aka fito da ita zaure a kan tabarma. Na kai shi gabanta ya durƙusa. Ta kama fuskarsa da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce:

"Kyari, tsofai-tsofai da kai, ina rawaninka?"

"Iska ta ɗauke, Yaya. Gudu muke."

Ta yi dariya har ta sarƙe, shi ma ya yi, daga nan suka rungume juna suna kuka suna magana da Barbarci, yaren da ban taɓa jin Baba ya yi da kowa ba tun rasuwar kakata. Na fita na ba su wuri, na tsaya a jikin motar, ruwa na jiƙa kujerun. Ina jin daɗi, ina jin ciwo, ban san wanda ya fi ba.

Dab da magariba ruwan ya tsagaita, sai ga Baba ya fito yana laluben bangon zaure yana kirana. Na kawo shi wurin motar.

"Yanzu fa, ta faɗi?"

"Ta faɗi, Baba."

Ya lalubo hannuna ya kama, ya ɗora a kan dogon hancin motar, ƙarfen da sauran ɗumi. Ya danne hannuna da nasa, ya ɗaga murya yadda mutanen da ke wurin za su ji, kamar yadda yake yi a kasuwa.

"Na duba ta kwana uku. Gajeren ƙafa gare ta, cikinta ya fashe, ba za ta ƙara tafiya ba. Ko mai ita yana nan tsaye, ba za a mayar ba. Ciniki ya faɗa. Allah ya amfana, ɗana."

Kogi ya kawo bayan 'yan kwanaki, Baba ya yi damina a can wurin yayarsa, a gabansa ta cika kafin a yanke gero. Ya dawo Azare ya koma zamansa a zaure, masu dawaki suka dawo suna kawo masa yana shafawa yana faɗin aibi, har ya ga haihuwar biyu daga cikinku. Motar kuwa sai da rani aka ɗoro ta a bayan babbar mota. Na kai makanikai har daga Kano, kowa ya leƙa ya girgiza kai. Na yi shekaru ina tafiya kasuwa a ƙasa kafin in sake mallakar ko ɗan maraƙi, kuma uwarku ba ta taɓa yi mini gorin karsanarta ba.

Saboda haka ku bar kaji su yi ƙwansu, Hansatu ta yi dariyarta. Amma tsohuwar kujerar fatar nan da ke ɗakina, wadda jikoki ke faɗa a kanta ina korarsu, ku je ku leƙa cikin motar ku ga wace ce babu. Ta hagu ce. In na mutu ku raba komai yadda shari'a ta ce, ita kuwa kada a sayar.